Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan layin x da layin y

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan Gwammaja, saƙonka ya iso ta hannun kawunka. Na karanta inda ka ce darasin layin x da layin y ya ishe ka, kana haddace ƙa'idojinsa saboda jarrabawa kawai, ba ka ga abin da zai tsinana maka ba. Wannan magana ce ta hana ni jiran zuwanka hutu, domin da waɗannan layuka biyu na yi aikin safiyo shekara da shekaru, da abin da suka kawo kuma ake biyan kuɗin makarantarka.

Mu fara daga tsakar gidanmu. Idan ka ce wa mutum randa tana can, sai yana kallon hannunka zai gane. Amma idan muka amince cewa kusurwar da bangon zaure ya haɗu da bangon ɗakin girki ita ce mafari, muka ce randa tana mita 3 gabas da mita 4 arewa, to ko wanda bai taɓa taka Kano ba zai zana wurinta a takarda ba tare da ya kuskure ba. A takardar, layin da ke kwance, mai nuna gabas, shi ne x, na tsaye, mai nuna arewa, shi ne y, mahaɗarsu kuma sifiri. Abin da ya koma hagu ko ƙasa da mahaɗar, sai a sa masa alamar ragi. Idan kana son tazarar randar daga kusurwa kai tsaye, ka ninka 3 da kansa ka sami 9, ka ninka 4 da kansa ka sami 16, jimla 25, lambar da in ka ninka ta da kanta take ba da 25 kuwa 5 ce, wato mita 5. Ƙa'idar Fitagoras ke nan, kuma da ita birkila yake fitar da kusurwar fandishan da igiya da fegi, uku nan, huɗu can, biyar a karkace, ko da bai taɓa jin sunan mai ƙa'idar ba.

Wanda ake jingina wa wannan tsari shi ne Rene Dekart, Bafaranshen da ya wallafa bayaninsa a 1637, kuma a daidai wannan zamani wani lauya ɗan ƙasarsu mai suna Ferma ya cimma irin tunanin a gefe guda. Kafin su, aljabara, wadda ta samo sunanta daga littafin Alkhawarizmi na Bagadaza, da ilimin siffofi kusan kowanne hanyarsa yake bi. Abin da suka yi shi ne buɗe ƙofa tsakanin biyun. Rubuta x² + y² = 25, ka nemo duk wuraren da suka cika wannan sharaɗi, za ka ga da'ira ta fito mai nisan 5 daga tsakiya, randarmu kuma tana zaune a kan gefenta. Daga nan siffa ta zama abin lissafawa, lissafi kuma ya zama abin gani da ido, kuma a ganina wannan shi ne mafi girman abin da za a koya maka a ajin da kake.

A fiziks amfaninsa ya fi fitowa fili. Ka hau soro mai tsayin mita 4.9, ka saki tsakuwa ɗaya daga hannunka, a lokaci guda ka wurga wata gaba a kwance, ba sama ba, da gudun mita 6 a daƙiƙa. Hankali yana raya wa mutum cewa wadda aka wurga za ta daɗe a iska, amma idan aka ajiye turjiyar iska gefe, tare za su dira bayan daƙiƙa ɗaya, ɗaya a gindin bango, ɗaya mita 6 daga shi. Dalili kuwa, jan ƙasa yana aiki ne a layin tsaye kaɗai, yana ƙara gudun faɗuwa da kimanin mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, ba ruwansa da tafiyar kwance. Galileyo ne ya fayyace haka. Tafiya mai lanƙwasa da ta gagare ka, ka raba ta gida biyu, kowanne ka bi shi a layinsa, sai ta yi sauƙi. Haka ƙarfin mai ga-ruwa yake idan yana tura kura: wani kaso yana tafiyar da ita gaba, wani yana danna ta ƙasa.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Farkon shigata aiki, an tura ni kafa fegin wani filoti a bayan gari, mita 40 gabas da mita 25 arewa daga turken siminti. Gaggawa ta sa na juya lambobin, na auna 25 gabas da 40 arewa. Da na ja tef daga turken zuwa fegin, tazarar ta fito daidai da abin da ake tsammani, domin wuraren biyu nisansu ɗaya daga mafari, sai na natsu na koma. Ashe fegin ya kauce da fiye da mita 21, ya faɗa cikin filin maƙwabci. Har an sauke yashi da bulo kafin mai filin ya gani, magana ta kai gaban mai unguwa, dattawa biyu masu mutunci suka kusa ɓatawa a kan kuskuren da ba nasu ba. Ni na je na ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya, kuma har yau ina jin nauyin wannan rana. Saboda haka kada ka taɓa ɗaukar (2, 5) da (5, 2) a matsayin abu ɗaya, domin lambar farko ta x ce, ta biyu kuma ta y.

Kafin ka taɓa kalkuleta, zana layukanka biyu, ka rubuta sunan kowanne da ma'auninsa, mita ne ko daƙiƙa, ka nuna inda sifiri yake da inda lamba take ƙaruwa. Mafari zaɓi ne da mutane suke yi, shi ya sa dole a bayyana shi. Tsofaffin taswirorin awon ƙasar nan a kan wani turke da ke Minna aka ɗaure su, allon kwamfuta kuwa galibi daga kusurwar sama ta hagu yake fara ƙirga, y ɗinsa yana ƙaruwa zuwa ƙasa. Wanda bai tambayi mafari ba, lambobinsa za su yi kyau a takarda alhali wurin da suke nunawa daban ne.

Na ba kawunka littafin giraf guda biyu da rula da tsohon tef ɗina. Ka auna ɗakin kwananku daga kusurwar bakin ƙofa, ka sa kowane gado a mazauninsa, ka aiko mini da zanen in duba. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah Ya yi maka albarka, Ya buɗa maka ƙirji.

Mahaifinka.