Akwai ƙudan zuman da ba ya shiga amya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta shafin da kuka ware wa Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya, 20 ga Mayu, wadda aka fara bikinta a 2018 bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita. Allah ya saka da alheri. Sai dai daga farkon shafin har ƙarshensa zancen amya ne da kuɗin galan ɗin zuma. Ni kuwa ƙudan da ya fi yi mini aiki a lambu bai taɓa ba ni ko cokali ɗaya na zuma ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Tsohon malamin firamare ne ni, yanzu ina noman rani a fadama kusa da Jega: kankana, gauta, kuɓewa, sai 'yar albasar da nake bari ta yi kai don iri. A bakin lambun akwai wani ɗan tudu mai rairayi da ruwa ba ya hawa. Shekaru uku da suka wuce na ga ya cika da ƙananan ramuka, kowane faɗin fensir, da ɗan tulin ƙasa a bakinsa kamar na tururuwa. Yaron da ke taya ni ban ruwa ya ce, "Baba, gidan rina ne, bari in zuba musu kananzir." Har ya ɗauko jarka. Na ce ya dakata mu gani tukuna, muka tsuguna. Ba a jima ba wani ƙwaro mai gashi-gashi ya sauka, ƙafafunsa na baya sun yi rawaya jawur kamar an tsoma su a garin kurkur. Ya ɗan yi shawagi, ya gane raminsa a cikin ramuka fiye da ɗari, ya shige. Muna zaune a tsakiyarsu har rana ta take, babu wanda ya kula mu, balle harbi.

Daga baya na bi diddigi. Ashe nau'in ƙudan zuma a duniya ya kai dubu 20, mai yin zumar da muke sha kaɗan ne ƙwarai a cikinsu. Kusan kashi 70 cikin ɗari a ƙarƙashin ƙasa suke gida, akasarinsu kuma kowace uwa zaman kanta take yi, ba sarauniya, ba ma'aikata. Ita ke haƙa raminta, ta fitar da 'yan ɗakuna a gefe, ta shafe bangonsu da wani maiƙo daga jikinta don kada danshi ya shiga. Sai ta yi ta jigilar garin fure da ruwansa, ta cure su dunƙule guda, ta ɗora ƙwai ɗaya a kai, ta toshe ɗakin, ta koma na gaba. Cikin 'yan makonni ta mutu, ba za ta ga 'ya'yan ba. Tsutsar ta cinye guzurin, ta kwanta a ƙasa har lokacin fure ya zagayo. Na taɓa sarar irin wannan ɗaki da fartanya bisa kuskure: dunƙulen bai kai ƙwayar wake ba, ƙwan a kansa fari sol kamar tsinken shinkafa. Taruwar da suke yi wuri ɗaya ƙasar ce ta yi musu, maƙwabtaka ce kawai. Tun da babu rumbun zumar da za su kare, ba su da faɗa. Namijin ma ba shi da ƙari gaba ɗaya.

Manomin shinkafa a Argungu ko mai gero a tudu zai iya cewa ina ruwansa, kuma da gaskiyarsa, don waɗannan ba sa jiran ƙwaro. Mai kankana da kabewa da duma ba shi da bakin faɗin haka. Furen kankana iri biyu ne a yaɗo ɗaya, namiji da mace, macen ce mai ɗan ƙululu a gindinta. Da safe yake buɗewa, kwana ɗaya ke gare shi. In ba a sami mai kai masa gari daga namijin a wannan safiyar ba, ƙululun ya yi yaushi ya faɗi. In garin ya yi kaɗan, kankanar ta fito a karkace, gefe ɗaya a motse, dillali ya ture ta gefe. Sau nawa muka ɗora laifin a kan iri ko taki?

Gauta da tumatir kuma nasu daban ne. Garinsu a kulle yake cikin wani ɗan bututu, sai an girgiza yake zubowa. Ƙudan amya bai iya wannan ba. Wani na ƙasa mai ratsin fari ko shuɗi a ciki, wanda masana ke kira Amegilla, shi ke rungumar furen ya kaɗa jikinsa. Wanda ya tsaya a lambun gauta da hantsi ya kasa kunne zai ji ƙarar ta canza, ta koma siririya, zzziii, daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ya tashi. Wani bincike da aka wallafa a 2017 daga Burkina Faso, ƙasa mai yanayi irin namu, ya nuna in aka hana ƙudan zuma isa ga fure, auduga na rasa fiye da kashi ɗaya bisa uku na amfaninta, riɗi kuwa fiye da rabi. Masu fitar da irin albasa a Aliero su ma su lura da abin da ke sauka a kan farin kan nan.

Abin da ke damuna feshi ne. Matasanmu sun mayar da tankin feshi kamar jakar makaranta. Ƙarfe takwas na safe, fure a buɗe, ƙwari na tsakiyar aiki, lokacin ne ake bi da maganin ƙwari, wani ma ya haɗa kala uku a tanki ɗaya don mai shago ya ce ya fi ƙarfi. Maganin ciyawa ya share furannin bakin gona da suke ci kafin amfani ya yi fure. Tarakta ta kife gidajen, ambaliyar ban ruwa ta nutsar da saura. Tarayyar Turai tun 2018 ta hana amfani da wasu magunguna uku a fili saboda ƙudan zuma, cikinsu har da imidakulofirid, wanda ake sayarwa a kasuwanninmu. Ban ce a bar tsutsa ta cinye tumatir ba, ni ma ina feshi. Amma na mayar da shi bayan la'asar sakaliya, lokacin furen kankana ya rufe, kuma ba na yi sai na ga ɓarna da idona.

Roƙona, Malam Edita, ku aiko wakilinku fadama da kyamara ya ɗauki hoton ramukan nan ku buga, don mutane su bambance su da gidan rina. Ku kuma tambayi malaman gona na jiha ko suna faɗa wa manoma lokacin da ya dace a yi feshi. In ya zo, ya zo da hantsi. Tudun nawa na kewaye shi da ƙaya saboda shanu, yaron da ya so zuba kananzir shi ke gadinsa yanzu, zai nuna masa.

Naku mai karatu kullum,
daga Jega, Jihar Kebbi.