Takardar Koke Kan Yaran da Ke Kwana a Tasha da Bakin Kasuwa

Zuwa ga Mai Girma Hakimin Tarauni,
Ta hannun Dagaci da masu unguwanninmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, Allah ya ja zamaninka.

Mu mazauna Unguwa Uku da kewayenta, iyaye maza da mata, limamai da 'yan kasuwa, mun kawo kukanmu gare ka game da ƙananan yaran da ke kwana a tashar mota, a ƙarƙashin rumfuna da bakin shaguna, ba tare da wani babba da zai amsa sunansu ba idan wani abu ya same su.

Ranka ya daɗe, ba duka ne almajirai ba, kuma haɗa su a suna ɗaya shi ne ya sa aka kasa gano maganin. Akwai kolon da yake da alaramma da tsangayar da yake komawa bayan bara. Akwai kuma wanda malaminsa ya tashi ya bar shi, da wanda ya gudo daga gida saboda duka ko mutuwar aure, da wanda rikicin 'yan bindiga ya raba da ƙauyensu. Waɗannan na baya su ne suka fi tayar mana da hankali, domin su ne ke dako da jari-bola da rana, da dare kuma su faɗa hannun manyan da ke koya musu shaƙar sholisho, su aike su sata, ko su lalata su. Ga ƙazuwa da zazzaɓi, ga hunturu yana tafe, yawancinsu ko bargo ba su da shi.

An gwada kame, mun kuma ga iyakarsa. A 2020 gwamnatin jiha ta hana bara a titi, kuma a lokacin korona aka kwashi almajirai a motoci zuwa jihohinsu. Ba a daɗe ba tituna suka sake cika, domin an mayar da yaran ne ga talaucin da ya kore su, ba a kuma nemi iyayen an ɗora musu nauyi ba. Doka ba ta yi ƙaranci ba: akwai dokar kare haƙƙin yara ta ƙasa ta 2003, Kano ta samu tata dokar kare yara a 2023, a shekarar ce kuma aka kafa hukumar tarayya ta kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Abin da babu shi ne wanda ya san yaran nan ɗaya bayan ɗaya.

Wannan kuwa masarauta ce kaɗai za ta iya, tunda babu baƙon da zai kafa tsangaya a unguwa mai unguwa bai sani ba. Don haka muna roƙon ka umarci masu unguwanni su rubuta kowace tsangaya, da sunan malaminta, da yawan ɗalibanta, da garin da kowane yaro ya fito, da lambar wayar mahaifinsa ko waliyyinsa, kada kuma a bari wani malami ya karɓi yaran da ba shi da wurin kwanansu da banɗaki. Yaran da ba su da malami kuwa, muna roƙon a zauna da shugabannin tasha da na kasuwa a tantance su, a miƙa su ga Ma'aikatar Mata ta jiha don neman danginsu, ba a tura su wurin tsare masu laifi ba.

Muna kuma roƙon ka isar da buƙatarmu ga Shugaban Ƙaramar Hukuma, a ware musu ɗakin kwana na wucin gadi kafin sanyi ya kankama, a kuma riƙa duba su kyauta a asibitin sha-ka-tafi. A namu ɓangaren, mun ɗauki alkawarin tara tabarmi, barguna da abincin dare ta hannun limamanmu, muddin aka samu wurin da za a kai su.

Allah ya taimaki Hakimi, ya ƙara maka lafiya.

Mu ne masu biyayya,
Mazauna Unguwa Uku da kewaye, Kano.