Ɗan yayana da nake riƙo yana kwana da takalmi a ƙafarsa

Assalamu alaikum Malama. Ina yi miki fatan alheri, ke da duk masu taya ki aikin wannan fili. Na daɗe ina sauraron yadda kike warware wa mutane damuwarsu, yau ga ni da tawa. Don Allah a sakaya sunana.

Ni matar aure ce a Gusau, 'ya'yana uku, na huɗunsu ɗan marigayi yayana ne da nake riƙo. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar Zamfara, 'yan bindiga suka shiga ƙauyenmu da asuba. Sai bayan kwana biyar labari ya iso mana ta bakin wani direba, don babu halin kira. An kashe Yaya a ƙofar gidansa. Yaron yana da shekara shida a lokacin. Uwarsa ce ta tura shi cikin gonar dawa da ke bayan gida, ta ce ya kwanta kada ya motsa, kuma bai motsa ba har rana ta take. Daga inda yake kwance ana hango ƙofar gidan. Bayan ta fita takaba danginta suka ɗauke ta da jaririyar da ke hannunta, daga baya ta yi wani aure, shi kuma aka ba ni shi.

Da farko har yabonsa ake yi. Ba ya kuka, ba ya rigima, ba ya tambayar babansa. Mutane suna cewa ai yaro ne, ya manta. Ni ma na yarda, don haka na fi so in ji.

Sai fitsarin kwance ya dawo masa, alhali uwarsa ta ce tun yana shekara uku ya daina. Sai firgita cikin dare: zai tashi zaune, ido a buɗe, jiki sharkaf da zufa, ina kiran sunansa ba ya ganina. Wata rana na je gyara shimfiɗarsu na tarar da gutsattsarin biredi da ƙuli-ƙuli a ƙarƙashin matashinsa, har tururuwa ta bi. Abinci kuwa ba mu taɓa hana shi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takalmi. Ko na cire masa bayan ya yi barci, da asuba zan gan shi a ƙafarsa. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Goggo, ƙaya ce a gona." Daga nan bai ƙara ko kalma ba.

Kin san Gusau da babura. Idan biyu ko uku suka biyo layinmu a jere da gudu, sai ya saki abin da ke hannunsa ya shige bayan randa. Da babbar Sallar da ta wuce, ana yanka rago ya tsaya kamar an dasa shi, sannan ya yi ta amai, ya yini bai ce uffan ba.

Yanzu da ya fara tasawa abin ya sauya kama. Faɗa yake yi a makaranta, yaro ya taɓa shi ta baya kawai sai ya rufe shi da duka. Malaminsu ya nuna mini littafinsa, duk bayan shafukan zanen babura ne da mutane a kwance. Maigidana mutumin kirki ne, shi ke biya masa kuɗin makaranta kamar nasa, amma ya ce sangarta ce, na bar maraici ya zama hujja, icce kuma tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Surukata ta ce shafar aljanu ce, tunda ya kwanta a daji. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Ban raina addu'a ba, har gobe ina tofa masa Falaƙi da Nasi kafin ya kwanta, kuma yana samun natsuwa da hakan. Amma firgitar ba ta tafi ba.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Watan jiya ya fasa wa ƙaramin ɗana baki, raina ya ɓaci, na ɗauki bulala na zane shi. Malama, bai yi kuka ba, bai kare jikinsa ba. Kwanciya ya yi rub da ciki ya rufe kansa da hannu, ya yi tsit, ko numfashinsa ba a ji. A take na gane kwanciyar da uwarsa ta ce ya yi a gona ce. Na yar da bulalar na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Yaya. Har yanzu idan na ɗaga hannu zan gyara ɗankwali sai ya ƙifta ido ya sunkuya.

Wata maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ta ce mini ba taurin kai ba ne. Ta ce yaron da ya ga irin wannan tashin hankali, jikinsa kan zauna cikin shirin gudu ko da hatsarin ya wuce, ƙara ko wari ko ganin jini kan mayar da shi wurin kamar yanzu abin ke faruwa, kuma duka ƙara masa tsoro yake yi. Ta ce a daidaita masa lokacin barci da na abinci, a riƙa gaya masa abin da za a yi kafin a yi, a bar masa fitila da dare, a daina yi masa gorin fitsari a gaban yara. Na fara, har na mayar da shimfiɗarsa kusa da ƙofata. Ta kuma ba ni shawarar a kai shi ganin likitan ƙwaƙwalwa, ta ambaci asibitin Kware a Sakkwato. Ina faɗa wa maigida ya ce ba za a mayar da ɗan mutane mahaukaci a bakin duniya ba, gobe ya zo neman aure a tona.

To Malama, ki taimake ni. In zaunar da shi in tambaye shi abin da ya gani a safiyar nan, ko in jira har ya kawo zancen da kansa? Ina tsoron fama masa ciwo, ina kuma tsoron shirun nan yana cin sa. Ya dace in kai shi ya ga uwarsa, ko ganinta da rabuwa da ita a karo na biyu zai fi yi masa illa? Da wane lafazi zan shawo kan maigidana a kan zuwa asibiti ba tare da ya ga na raina ƙoƙarinsa ba? Sannan dukan da na yi masa, ya kamata babba ya ba yaro haƙuri? Ina so in ba shi, ban san ta inda zan fara ba.

Amanar ɗan'uwana ce a hannuna. Ina jiran amsarki.

Wassalam,
Mai sauraronki daga Gusau