Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya da 'yan uwa malamai masu koya wa yaran firamare kiɗa da waƙa.

Bana ma ni aka bari da rubuta rahoto, kamar yadda aka bar mini littafin kuɗi tun da aka yi wa ma'ajinmu canjin makaranta. Wanda ya ga gyara ya zo taro ya faɗa, kada ya tsaya a WhatsApp.

Mun yi tarukanmu na wata-wata, in ban da na watan azumi.

Sai maganar kuɗin wata, wadda na sa a gaba don na san ba kowa ke karantawa har ƙarshe ba. Waɗanda suka biya nasu cif ba su kai rabinmu ba. Na san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu kaɗai ya isa ya gigita albashin malamin firamare. To amma ni ma malamin firamaren ne, kuma da katin wayata nake kiran ku. Wasu in sun ga lambata ba sa ɗauka, sai mu haɗu a ɗaurin aure a gaisa kamar babu komai. Abin da ya fi ciwo, cikin masu bashin akwai waɗanda suka fi kowa tambayar ina aka kwana kan ayyuka.

Ga inda aka kwana. Kalangunmu biyu da fatarsu ta fashe da hunturu har yanzu suna wurin mai gyara. Sai an sayo fatar ɗan akuya da sabuwar tsarkiya, shi kuma ya ce ba ya taɓa aiki sai ya ga kafin alƙalami, ban kuwa ga laifinsa ba. Ziyarar da muka yi wa yara alkawari zuwa Gidan Makama, gidan tarihi na Kano, ba ta yiwu ba, saboda kuɗin motar da aka faɗa mana ya fi abin da ke asusu gaba ɗaya. Littafin waƙoƙin gaɗa ma bai fito ba, amma kada a ce ba a yi komai ba: malamai mata sun shiga gida-gida sun naɗi muryoyin tsofaffi a waya. Rubutawa ce ta rage, kuma kwamitin da ya ɗauki wannan nauyi sau ɗaya ya zauna.

Abin da ya wanke mana zuciya shi ne bikin ƙarshen zango na uku. Kun tuna mun shafe zango biyu muna gyara wa yara taken ƙasa, har suka rera shi tsaf a Ranar Yara, 27 ga Mayu. Kwana biyu tsakani, ranar 29 ga Mayu, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta dawo da tsohon taken da aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Yawancinmu bayan 1978 aka haife mu, ba mu san ko karinsa ba. Baba hedimasta mai ritaya ne ya cece mu, don shi da wannan taken ya yi firamare. Ya zaunar da mu a benci kamar 'yan aji ɗaya, yana ba mu muna amsawa, Allah ya saka masa da alheri. Da muka koma wa yara, ba mu fara da kalmomin Turancin ba. Tafi muka fara, sai da karin ya zauna musu a hannu, sannan muka bi baitocin uku layi-layi muna faɗa musu ma'ana da Hausa. Ranar biki suka rera shi ba gargada, iyaye na tsaye suna motsa baki kawai.

Bayan nan 'yan matan aji huɗu suka shigo da shantu, suna buga shi a cinya, wasu na gaɗa. Wani yaro ɗan aji biyar ya fito da kuntigin da ya haɗa da kansa da gwangwanin kifi, irin na marigayi Ɗan Maraya Jos, tsirkiya ɗaya tal, amma sai da filin ya yi tsit. Makaɗin da muka gayyato kuwa darasi ya bayar ba wasa ba. Ya nuna wa yara yadda ake matse kalangu a hammata sauti ya hau, a sassauta ya sauka, daidai da hawa da saukar muryar Bahaushe. Sai ya riƙa kiran sunayensu da kiɗa, wanda ya gane nasa ya miƙe. Wata 'yar aji biyu ta gane nata tun bugun farko, ta miƙe tana rufe fuska da hijabi.

Mahaifin nan da ya hana ɗansa zuwa koyon kiɗa da waƙa a shekarar da ta wuce, wai shi bai haifi maroƙi ba, yana sahun gaba. Mun sha yi masa bayani cewa kiɗa da waƙa suna cikin darasin al'adu da fasaha na manhajar firamare, sai dai a makarantu da yawa zane kawai ake yi a lokacin, saboda babu kayan kiɗa kuma babu mai koyarwa. Bayan an tashi ya zo da kansa ya tambayi ranar da ake gwaji.

Kujeru da rumfa na ranar, mutum huɗu ne suka ɗauko suka mayar, su ne dai na kullum. Sauran sun zo da manyan riguna an yi hoto.

Taro na gaba yana nan Asabar ɗin farko ta wata, bayan la'asar, a ajin da muka saba. Kowa ya zo da kuɗinsa a hannu, zan zo da littafi. Wanda kuma ya tafi gida da shantuna biyu bayan biki, don Allah ya dawo da su.

Sakataren ƙungiya