Wasiƙar Ƙarshen Zango Ga Iyaye: Ruwan Bana Da Hanyar Makaranta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyaye da masu riƙon ɗalibanmu, muna gaishe ku, muna kuma yi muku barka da damina. Zango na uku ya ƙare, takardar sakamakon kowane yaro tana tare da wannan wasiƙa. Amma ba zancen sakamako ne ya sa na zauna rubuto muku ba. Yara za su yi dogon hutu a hannunku cikin tsakiyar marka, sannan su dawo mana a watan Satumba, daidai lokacin da Kogin Haɗeja yake cika ya batse. Wannan ne ya tsaya mini a rai.

Duk wanda ya shiga ajinmu na huɗu zai ga wani layi mai ruwan ƙasa a jikin bango, ya kai gwiwar babban mutum. Shatin ambaliyar 2022 ne. Da aka zo yin fenti na roƙa a bar shi. A shekarar nan mutum fiye da 600 suka rasu a faɗin Najeriya, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu, kuma Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ku shaida ne, ba labari aka ba ku ba.

Abin da har yau ban manta ba shi ne wata safiya a wancan lokacin. Wani yaro ɗan aji biyar ya shigo harabar makaranta jiƙe sharkaf har ƙirji, jakarsa a ka, ƙanwarsa a goye, leɓensa yana rawa. Na tambaye shi ta ina ya biyo, ya ce ta kwalbati. Na ce me ya sa bai koma gida ba da ya ga ruwa, ya ce, "Malam, tsoron dukan makara nake." Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Tsoronmu ya fi masa tsoron ruwa, kuma laifin namu ne.

Saboda haka ga matsayar makaranta, ku karanta wa yaranku da bakinku: daga ranar komawa har ruwa ya janye, babu yaron da za a daka, ko a sa shi shara, ko a rage masa maki don ya makara ko bai zo ba saboda ruwa ya tare hanya. Idan ya tarar da ruwa yana gudu a kan hanya, ya juya gida. Darasin da ya rasa malamai sun amince za su maimaita masa.

Ina so mu fahimci cewa ruwan da ke yi mana ɓarna iri biyu ne. Na farko shi ne na kogi. Kogin Kano da ke fitowa daga madatsar Tiga da Kogin Challawa mai tasa madatsar suna haɗuwa, su biyo ta Wudil da Ringim kafin su iso wajenmu. Idan aka yi ta ruwa a can sama madatsun suka cika, dole rarar ta gangaro. Shi ya sa za ka ga kwana uku ko huɗu ba a yi ko yayyafi ba a garinmu, rana tana ƙwallewa, amma ruwa yana ta hawa cikin gonaki. Ga ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya, ga ciyawar kachala da yashi sun cushe hanyoyin da ruwan ya saba bi, sai ya nemi wata hanyar. Irin wannan yakan ba da alama, mai lura zai ga yana matsowa kullum.

Na biyun ba ya sallama. Ruwa ne kamar da bakin ƙwarya na 'yan sa'o'i, ƙasa ta riga ta ƙoshi, magudanu sun toshe da leda, sai lungu ya koma rafi nan take. Haka ya faru a Mokwa ta Jihar Neja da asubahin 29 ga Mayu 2025, inda mutum fiye da 150 suka rasu. A Maiduguri ma, da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, cikin dare ruwan ya tarar da mutane a kan shimfiɗarsu. Allah Ya jiƙansu da rahama. Yara suna raina irin wannan ruwa don suna ganin bai yi zurfi ba, alhali ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, wato ya ɗara idon sawu kaɗan, yana iya kayar da babban mutum. To, ina ga yaron da bai fi buhun gero nauyi ba? Ƙari a kan haka, ruwan jajir yake, ba a ganin ramin da ke ƙarƙashinsa, ko bakin kwalbatin da zai ja ƙafa.

A lokacin hutu, don Allah a sa ido kan wanka a kududdufi da ramukan da aka haƙi ƙasar gini. Kada a aiki ƙaramin yaro kai abinci gona idan sai ya tsallaka ruwa. Wanda tafiya ta kama shi a kwale-kwale, in ya ga an cika shi fiye da kima, ya haƙura ya jira sawu na gaba.

Iyaye mata, ku kuka fi sanin ɗakunan da yara suke kwana. Ginin ƙasa idan gindinsa ya sha ruwa ba ya jiran gari ya waye. In kun ga katanga ta jiƙe daga ƙasa, ko ta tsage, ko azara ta fara ƙara, a kwashe yara zuwa wani ɗakin ko gidan maƙwabta tun da sauran haske. Takardun haihuwa da na makaranta da katin asibiti a ƙulle su cikin leda a rataye a sama. Bayan ambaliyar 2022 mun sha wahalar nema wa ɗalibai madadin takardun da ruwa ya cinye.

A riƙa sauraren rediyo. Hukumar NiMet tana sanar da hasashen ruwan sama, NIHSA, hukumar da ke sa ido kan ruwan koguna, kuma tana fitar da jerin wuraren da ake fargabar ambaliya kowace shekara. Idan mai unguwa ko jami'an SEMA, hukumar agajin gaggawa ta jiha, suka ce a tashi, a tashi. Na san barin gida da dabbobi da rumbu ba ƙaramin abu ba ne, amma wanda ya fita da rana yakan fita da kayansa.

Bayan ruwa ya janye ma da sauran aiki, domin yakan haɗa masai da rijiya, daga nan sai amai da gudawa. A tafasa ruwan sha. Yaron da ya fara gudawa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba shi ana kan hanyar asibiti.

Ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe bakwai na safe, kwamitin iyaye da malamai ya kira aikin gayya don yashe magudanar da ke gaban makaranta da ƙara wa jingar bayan azuzuwa ƙarfi. Mai shebur ya zo da shi, mai baro ko tsofaffin buhuna ya taimaka mana. Ku kuma bar wa malamin ajin ɗanku lambar waya mai aiki, don mu sanar da ku da wuri duk ranar da za a rufe makaranta.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana zuri'a.

Naku,
Shugaban Makaranta