Kafin Jirgin Yaƙin Wata Ƙasa Ya Shigo Farautar 'Yan Ta'adda

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A muhawarar da ake yi kan hare-haren da manyan ƙasashe ke kaiwa ƙetare, ana ta maimaita cewa da zarar an ce ta'addanci, kowa na da izinin tsallaka iyaka. Wannan kuskure ne, kuma ƙasashe masu rauni ne ke kwana a ciki.

Sashe na 2, sakin layi na 4, na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta amfani da ƙarfin soja a kan wata ƙasa. Ƙofofi uku kaɗai aka bari: izinin Kwamitin Sulhu, yardar gwamnatin ƙasar da za a shiga, da kare kai bisa sashe na 51. Shi ma kare kan yana da sharuɗɗa. Sai an kai harin makamai, martanin ya zama babu makawa, kada ya wuce kima, sannan a sanar da Kwamitin Sulhu nan take.

A ƙofa ta uku ake rigima. A 2014 Amurka ta fara ruwan bama-bamai kan ISIS a Siriya ba tare da yardar Damaskus ba, bisa hujjar cewa gwamnatin ta kasa, ko ba ta so, ta murƙushe su. Haka ta kashe Usama bin Laden a Abbottabad a 2011, Pakistan ba ta sani ba. Ƙasashe da dama, ciki har da Brazil da Meksiko, sun ƙi wannan fassara. Kotun Duniya ma, a shari'ar Kwango da Uganda ta 2005, ba ta karɓi hujjar kare kai da Uganda ta kawo don shiga Kwango kan ADF, 'yan tawayen Uganda da ke fakewa a can, ba, domin ba a tabbatar Kwango ce ta turo su ba.

A yankinmu, yarda ita ce ginshiƙi. Faransa ta shiga Mali a Janairun 2013 bisa gayyatar shugaban riƙo Dioncounda Traoré, kuma da Bamako ta juya baya sai da ta kwashe sojojinta a 2022. Don haka duk gwamnatin da za ta ba da izini, ta rubuta shi dalla-dalla: wane yanki, waɗanne makamai, tsawon wane lokaci, wa zai amince da kowane hari, wa zai biya diyya idan bam ya faɗa kan ƙauye. Majalisar dokoki ta ga takardar kafin jirgi ya tashi.

Naka,
Wani malamin shari'a, Zariya