A daina rubuta sunan teburin da manhaja ta raɗa a cikin rahoto

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin matasanmu da ke kula da rumbun bayanai a bankuna, kamfanonin sadarwa da ma'aikatu, har da shugabannin da ke sa hannu a karɓi aikinsu, kan wani kuskure da ke ɓata rahoto ba tare da kwamfuta ta yi ko tari ba.

Galibi babbar manhajar kamfani takan samu mazauni uku: inda ake gini, inda ake gwaji, da inda ake aikin gaske. Mutane suna ɗauka cewa tunda manhajar ɗaya ce, sunayen teburan da ke ƙarƙashinta, wato jadawalan da take ajiye bayanai a cikinsu, su ma ɗaya ne. A manhajoji da yawa ba haka abin yake ba, domin ita manhajar ce ke raɗa wa tebur suna da lamba, kuma kowace saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar a kowane mazauni, da nata ƙidayar.

Mu ɗauki Remedy ta kamfanin BMC, wadda ake karɓar koke-koken ma'aikata da ita. Duk fom ɗin da aka ƙirƙira, saba tana ba shi lambar da ke biye a layinta, sannan ta gina tebura da wannan lamba: mai farawa da T na ainihin bayanai, mai H na tarihin matsayin koke, mai B na takardun da aka maƙala. A ce fom ya samu lamba 812 a wurin gini, to teburinsa T812 ne. Idan aka kai fom ɗin wurin aikin gaske, fasalinsa ne ke tafiya, lambar tana nan inda aka baro ta. Can sai ya karɓi wadda ke biye a layin can, wataƙila 790. Dalili kuwa a fili yake: a wurin gini an ƙirƙiri fom-fom na gwaji an goge, kowanne ya ci lamba ya tafi da ita, kuma ba a jere ɗaya aka shigar da kaya a wuraren biyu ba.

To, a ce an rubuta T812 a cikin umarnin SQL, wato yaren da ake tambayar rumbun bayanai da shi, aka kai umarnin wurin aikin gaske. Da a ce zai tsaya ya ce bai ga tebur ba, da an ji sauƙi. Amma sau da yawa akwai T812 a wurin aikin gaske, na wani fom ne daban. Kuma kowane fom na Remedy yana da ginshiƙan asali iri ɗaya: C1 lambar koke, C2 wanda ya shigar, C3 lokacin shigarwa, C7 matsayi, C8 taƙaitaccen bayani. Saboda haka umarnin zai gudana lafiya lau, ya ƙirgo layuka, ya fito da adadi mai kyan gani, a kai wa manaja ya yanke hukunci a kai. Wannan na karatu ne kawai. Idan umarnin na goge tsofaffin layuka ne, to bayanan wani sashe ne za su tafi, kuma ba za a farga ba sai ranar da aka neme su.

Abin da ke ƙara ruɗar mutane shi ne kwafin rumbu. Ranar da aka kwafo rumbun aikin gaske aka zuba a wurin gwaji, lambobin wuraren biyu za su zo daidai, mai gwaji ya ga komai ya yi. Daga fom na farko da aka ƙara a gefe ɗaya, sun rabu ke nan.

Gyaran ba shi da tsada. Remedy tana da tebur mai suna arschema, inda sunan kowane fom yake tare da lambarsa. Umarni ya fara tambayar arschema da sunan fom, ya karɓi lambar, sannan ya haɗa sunan teburin a lokacin da yake gudana. Wanda ya fi wannan sauƙi, a bi ta tagar da manhajar ke ginawa da sunan fom ɗin kansa, wato view, wadda ake karantawa kamar tebur: fom ɗin HPD:Help Desk tagarsa HPD_Help_Desk ce a kowace saba, kuma ginshiƙanta suna ɗauke da sunayen da mutum zai iya karantawa. A ganina, mai rubuta rahoto ba shi da wata hujjar taɓa teburin T kai tsaye.

Masu aiki da SAP BW, manhajar kamfanin SAP ta tara bayanai domin rahoto, su ma abin ya shafe su, sai dai rabi da rabi. Teburan da aka gina da sunan da aka raɗa wa ma'ajin bayanan, irin masu farawa da /BIC/A ko /BIC/F, ba sa canzawa daga mazauni zuwa mazauni. Amma teburan PSA, inda bayanai ke fara sauka, da na tarihin canje-canje, masu farawa da /BIC/B sai dogon jerin lambobi, kowane mazauni ne ke ba su lamba sa'ad da aka kunna abin a cikinsa. A nan teburin RSTSODS ake tambaya, a karanta ginshiƙin ODSNAME_TECH. A kula kuma, idan fasalin tushen bayanai ya canza, ana iya samun sabon tebur ko a mazauni ɗaya, don haka a duba wane zubi ne ke aiki yanzu.

Roƙona ga masu ba da kwangila: kafin a karɓi aiki, a sa a binciki duk umarnin da ɗan kwangila ya rubuta, a nemo T da lamba ke biye da shi, da kuma /BIC/B. Duk inda aka gani, a mayar masa ya gyara. Sannan a gwada rahoton a mazauni biyu da aka tabbatar lambobinsu sun bambanta, a gwama adadin layukan da ya fitar da abin da fom ɗin ke nunawa a fuskar manhajar. Asusun da rahoto ke shiga rumbu da shi kuma, a ba shi izinin karatu kaɗai.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani mai kula da rumbun bayanai